Ɗaukar hoton ƙwari mafarauta daga kusa: kayan aiki, dabaru da amfaninsa

Hoton kusa, wanda ake kira macrophotographie da Faransanci, reshe ne na ɗaukar hoto da ke fito da ƙananan abubuwa da girman da ido shi kaɗai ba ya iya gani. Masu sana'ar suna da ma'auni guda da suka yarda da shi: ana cewa hoto ya kai na kusa idan siffar abin da aka ɗauka ta sauka a kan allon karɓar haske na cikin kamara da girmanta na zahiri ko fiye. Ana rubuta wannan 1:1. Ƙwaro mai tsawon milimita 10 zai ci milimita 10 a kan allon. Allon babbar kamara faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, saboda haka wannan ƙwaro ya cinye fiye da rubu'in faɗin hoton, in kuma aka buɗe hoton a kwamfuta sai ya zama kamar ɗan akuya. Idan aka ce 2:1, an ninka girman sau biyu ke nan.

Cikin duk abin da ake ɗauka ta wannan hanya, ƙwari masu farautar ƴan uwansu sun fi jan hankalin masu kamara. Jikinsu an gina shi don kamu: manyan idanu, ƙafafu masu ƙaya, baki mai kama da almakashi ko allura. Ga shi kuma da yawansu masu kwanton ɓauna ne, suna tsayawa cik suna jiran abinci, wanda hakan ke ba mai hoto lokacin da malam-buɗe-littafi ba zai taɓa ba shi ba.

A lura tun farko cewa gizo-gizo da kunama ba sa cikin wannan rukuni a wurin masana, ko da yake a bakinmu duk ƙwari ne. Ƙafafunsu takwas, na ƙwaro na ainihi shida. Dabarun ɗaukar hotonsu dai iri ɗaya ne.

Inda abin ya faro

Wani Ba'amurke mai suna W. H. Walmsley ne ya ba da shawarar sunan wannan fanni a 1899, don ya raba shi da hoton da ake ɗauka ta madubin likita. Amma sha'awar duba rayuwar ƙwaro daga kusa ta riga kamara balaga. Jean-Henri Fabre, malamin makaranta ɗan kudancin Faransa da ya rayu daga 1823 zuwa 1915, ya shafe shekaru yana durƙushe a filin gidansa na Sérignan yana kallon yadda ƙwari ke farauta, ya rubuta abin da ya gani a littattafai goma masu suna Souvenirs entomologiques tsakanin 1879 da 1907. Ɗansa Paul ne ya ɗauki hotunan da aka ƙawata bugun baya da su. Gidan yana nan har yau, an mai da shi gidan tarihi.

Kayan aiki sun biyo baya a hankali. A 1955 kamfanin Kilfitt ya fitar da Makro-Kilar, idon kamara na farko da aka ƙera musamman don wannan aiki a kan ƙananan kamarori. A shekarun 1970 Stephen Dalton na Ingila ya haɗa fitilu masu walƙiya ta ɗan ƙanƙanin lokaci, ya samu hotunan ƙwari suna cikin tashi, fukafukansu sun fito tas, ya buga su a littafi a 1975. Masu kallon tashoshin Faransanci kuwa wataƙila sun ci karo da fim ɗin Microcosmos na Claude Nuridsany da Marie Pérennou, wanda ya fito a 1996. An ɗauke shi ne a makiyayar Aveyron, kusan babu magana a cikinsa, amma ya ci kyautar César guda biyar. Daga nan mutane da yawa suka gane cewa ciyawar bayan gida ma daji ce mai namunta.

Mafarautan da suka fi samuwa a ƙasashenmu

Na farko shi ne ƙoƙi-ƙoƙi, mante religieuse a Faransanci. Akwai irinsa wajen 2,400 a duniya, kuma manyan kore na dangin Sphodromantis suna ko'ina a Afirka, daga lambunan Garwa zuwa fadamun Maraɗi. Shi ne ya fi dacewa da mai koyo, domin babba ne, ba ya saurin gudu, kuma yana juyo da kai ya dubi kamara, abin da ƙwari kaɗan ne ke iya yi. A cikin kowane idonsa ana ganin ɗigon baƙi da ke bin mai kallo duk inda ya matsa. Wannan ɗigo ba ƙwayar ido ba ce irin tamu. Idon ƙwaro tarin ƙananan bututu ne dubbai, kowanne yana fuskantar wani ɓangare, waɗanda suka fuskanci kamara kai tsaye sukan shanye haske sai su fito baƙi. Duk da haka ɗigon nan shi ke sa hoton ya zama kamar ana haɗa ido da mai rai, don haka masu hoto ke neman sa ya fito sarai.

Ƙoƙi-ƙoƙi yana auna nisa da idanu biyu kamar yadda mutum yake yi. Masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun tabbatar da haka a wani aiki da suka buga a 2016, bayan sun manna masa ɗan tabarau mai launi biyu da kakin zuma suka nuna masa hotuna masu motsi. Kamun nasa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Wanda ya ce zai danna kamara a daidai lokacin da ya ga an kai hari, kafin yatsansa ya motsa an gama. Abin da ake samu cikin sauƙi shi ne lokacin ci, domin yakan riƙe fara ko ƙuda ya yi ta gaigaya na mintuna da yawa ba tare da ya kula da kowa ba. Zancen mace na cinye namiji lokacin barbara gaskiya ne yana faruwa, amma ba kullum ba, kuma ya fi yawa idan an kulle su tare cikin kwalba macen tana jin yunwa.

Mazari, wato libellule, shi ne gwanin sama. Kowane idonsa yana iya ƙunsar ƙananan idanu har 30,000, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Harvard sun nuna cewa wasu irinsa na kama abin da suka kai wa hari sau tara ko fiye cikin goma. Zaki bai kusa da haka ba. Ana samunsa duk inda ruwa ya kwanta: bakin Tafkin Cadi, gaɓar Logone da Binuwai, kududdufan damina, har da ramukan da aka ɗebi ƙasar bulo. Akwai ɗabi'a guda da ke taimakon mai hoto. Yawancinsu suna da tsinke ko kara ɗaya da suke sauka a kai, su tashi su kamo sauro su dawo nan ɗin dai. Sai ka lura da karan, ka saita kamara a kansa, ka jira. Akwai kuma wani mai launin rawaya-rawaya da masana ke kira Pantala flavescens, wanda ke bin iskar damina yana ƙaura, har an san yana ƙetare Tekun Indiya tsakanin Indiya da gabashin Afirka. Shi ba ya son sauka, don haka ɗaukarsa sai gwanaye. Ƴaƴan mazari a cikin ruwa suke girma, suna cin tsutsar sauro da ƴan kifi da wani leɓe mai naɗewa da suke harbawa gaba.

Akwai wani ƙuda mai farauta da Faransanci ke kira asile, danginsa Asilidae, irinsa sun haura 7,000. Mutane da yawa sun sha ganinsa ba su san shi ba ne: dogon ciki, ƙirji mai tozo, gemu mai kauri a fuska, yana zaune a kan busasshen reshe ko ƙasa mai zafi da tsakar rana. A sama yake cafke abincinsa, ya soka masa baki, ya zuba miyau mai kashe jiki da narkar da nama, sannan ya sauka ya tsotse. Yana kama ƙudan zuma da fara, har da mazarin da ya fi shi girma. Gemun nan ana ganin yana kare masa fuska daga shure-shuren abin da ya kama. A ganina babu ƙwaron da hotonsa ya fi ban mamaki kamar wannan, kuma da yake yakan ɗauki lokaci yana tsotsa, ana iya matsowa sosai idan ba a tsorata shi da inuwa ba.

Kurkudu, fourmilion a Faransanci, duk wanda ya yi yarinta a ƙauye ya san raminsa mai kama da mazurari a cikin rairayi mai laushi, gindin katanga ko ƙarƙashin rumbu inda ruwan sama ba ya bugu. Abin da ke ƙasan ramin ɗan tsutsa ne mai faffaɗan ciki da muƙamuƙai biyu kamar lauje, kuma da baya yake tafiya. Yana haƙa ramin da gangaren da yashi ke gab da zubewa, sai tururuwa ta taka baki ta zame, in ta yi ƙoƙarin hawa ya watsa mata yashi da kai har ta faɗo. Abin da yara ba su cika sani ba shi ne wannan tsutsa takan rikiɗe ta zama ƙwaro mai dogayen fukafukai kamar mazari, wanda ke zuwa wurin fitila da dare. Ana bambanta shi da mazari ta ƙahonninsa masu kauri a ƙarshe. Hoton kurkudu a raminsa yana da wuya domin muƙamuƙan kaɗai ke leƙowa, launinsu kuma ɗaya da yashi. Hasken gefe na safiya ko yamma shi ke fito da zurfin ramin.

Sai dangin da ake kira réduve, masu ɗan siririn kai da lanƙwasasshen baki da suke naɗewa ƙarƙashin ƙirji. Ƙananan wasu irinsu a Afirka suna manna gawarwakin tururuwar da suka tsotse a bayansu suna yawo da su, abin da ke rikita gizo-gizon da ke son cin su. Manyan na dangin Platymeris, baƙaƙe masu ɗigo biyu a fukafukai, suna iya fesa dafi, don haka ba a kai musu ido kusa.

Kwarkwasa ba a ɗaukar ta ɗaya-ɗaya sai dai ayari, kuma sai a yankunan da suka fi laima, kamar kudancin Kamaru da Gana. Zanzaro kuwa yana cikin ɗakunanmu. Shi babba ruwan fure yake sha, farautar don ƴaƴansa ce: ya harbi gizo-gizo ko tsutsa ya kashe mata jiki ba tare da ta mutu ba, ya cusa ta cikin gidan laka, ya sa ƙwai ya liƙe. Wannan ɗabi'a tana cikin abubuwan da Fabre ya fi daɗewa a kansu. Wanda ya samu gidan zanzaro ana cikin gininsa ya samu wurin hoto na kwanaki, domin maginin yana komowa kowane ƴan mintuna.

Kayan aiki

Hanya mafi sauƙi ita ce idon kamara na musamman, objectif macro, mai tsawon milimita 90 zuwa 105. Canon, Nikon, Sony, Tamron da Sigma duk suna yin irinsa, kuma yana kaiwa 1:1 ba tare da ƙarin komai ba. Amfanin wannan tsawo shi ne tazara: a 1:1 akwai kimanin santimita 14 tsakanin gilashi da ƙwaro, alhali mai milimita 50 ko 60 sai an kusa taɓa shi. Masu son wuce haka suna da MP-E 65 na Canon, wanda ya fito a 1999 yana kaiwa ninki biyar, ko na kamfanin Laowa na Sin masu kaiwa ninki biyu.

Waɗannan suna da tsada, kuma ba a cika samunsu a kasuwannin Injamena ko Marwa ba sai an yi saƙo. Akwai hanyoyi uku masu araha da suka daɗe suna aiki. Ta farko ita ce zobban ƙarin tsawo, bagues allonge, bututu ne kawai marasa gilashi da ake sa wa tsakanin kamara da idonta. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: zobe mai milimita 50 a bayan ido mai milimita 50 yana ba da kusan 1:1. Ta biyu ita ce gilashin ƙari da ake maƙalawa a gaba, bonnette, wanda aka fi sani cikinsu shi ne Raynox DCR-250. Ta uku ita ce juya tsohon ido gaba ya koma baya da zoben juyi. Tsohon ido mai milimita 28 da aka juya yana ba da kusan ninki biyu. Thomas Shahan na jihar Oklahoma a Amurka, wanda hotunansa na fuskar gizo-gizo mai tsalle suka zagaya duniya, da irin wannan haɗi mai araha ya yi suna. Tsofaffin idanun kamarorin fim da ke kwance a shagunan masu hoton biki sun isa wannan aiki, muddin suna da zoben buɗe ƙofar haske da hannu.

Wayar hannu fa? Tana iyawa, amma da sharaɗi. Ƙaramar kamarar kusa mai megapiksel 2 da ake liƙa wa wayoyi masu araha ado ce kawai, hotonta ba ya wuce a nuna wa aboki. Ya fi kyau a sayi gilashin ƙari mai matsewa a ɗora shi a kan babbar kamarar wayar. Manyan wayoyi, tun daga iPhone 13 Pro na 2021 da takwarorinta, suna iya kama abu daga nisan santimita 2, sai dai a wannan kusanci wayar kanta tana tare haske, ƙwaron kuma yakan gudu. Ga ƙoƙi-ƙoƙi da kurkudu da gidan zanzaro, waya ta wadatar.

Matsalar da kowa ke cin karo da ita

Duk wanda ya fara hoton kusa yakan yi zaton kamararsa ta lalace, domin ido ɗaya na ƙwaro ya fito, ɗayan ya dushe. Ba lalacewa ba ce, haka lissafin gilashi yake. Iya matsowarka, iya sirancewar yankin da ke fitowa tas, abin da Faransanci ke kira profondeur de champ. A babbar kamara, a girman 1:1 da ƙofar haske f/8, kaurin wannan yanki kimanin milimita 1 ne. A 2:1 ya sauko ƙasa da rabin milimita. A ninki biyar bai fi kaurin gashin kai da yawa ba. Numfashin mai hoto kaɗai ya isa ya fitar da idon ƙwaro daga cikinsa.

Magani na farko shi ne tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, wanda ke ƙara kaurin yankin. Amma akwai farashi biyu. Haske yana raguwa, ga shi dama a 1:1 rubu'in hasken da aka saba ne kawai ke isa allon. Sannan idan ƙofar ta yi ƙanƙanta da yawa, haske yakan watsu a gefunanta, hoton gaba ɗaya ya yi laushi kamar an shafa masa mai. Shi ya sa yawancin masu aikin ke tsayawa tsakanin f/8 da f/13, su cike giɓin haske da walƙiyar kamara, wato filasha.

Filasha tana yin aiki na biyu da ya fi na farko muhimmanci. Idan aka rage ƙarfinta, haskenta yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin dubu goma na sakan, wanda ke daskarar da rawar hannu da motsin ƙwaro. Saitin da aka saba farawa da shi ke nan: ƙiftawa 1/200, ƙofa f/11, ISO 200, filasha a ƙaramin ƙarfi. Sai dai filasha tsirara tana ɓata hoto, domin jikin ƙwaro mai sheƙi ne, sai ya fito da farin tabo da baƙar inuwa. Dole a sa mata mayafi mai baza haske. Wannan ba sai an saya ba: farar takarda, soson da ake naɗe kayan lantarki da shi, ko gefen farar jarka da aka yanke, a lanƙwasa shi a saman idon kamara. Abin da ake nema shi ne mayafin ya zama babba idan aka kwatanta da ƙwaron, ya kuma matso kusa da shi. Ni dai in aka ce in zaɓa tsakanin ido mai tsada da mayafi mai kyau, mayafin zan ɗauka.

Game da saiti, a kashe na atomatik. Ana tsayar da girman da ake so, sannan a riƙa matsawa gaba da baya da jiki a hankali, a danna a lokacin da ido ya fito. Idan idon ƙwaro ya fito tas, mai kallo yakan yafe sauran. A kuma yi ƙoƙari jikin ƙwaron ya yi daidai da fuskar kamara, gefe da gefe, don mafi yawansa ya shiga cikin siririn yankin.

Magani na biyu shi ne tara hotuna, empilement a Faransanci. Ana ɗaukar hotuna da yawa na abu ɗaya, kowanne an ɗan matsar da saiti, sai manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ta tsinci wurin da ya fito daga kowanne ta haɗa su. Wasu kamarorin Olympus, wanda yanzu ake kira OM System, suna yin haka da kansu. Levon Biss na Ingila ya kai wannan dabara ƙarshe a baje kolin Microsculpture da aka yi a gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford a 2016, inda kowane hoto ɗaya ya ƙunshi wajen hotuna 8,000. Amma ƙwarinsa matattu ne na gidan tarihi. Da mai rai a daji, in ka samu biyar ko goma kafin ya motsa ƙaho, ka gode.

Lokaci da kusanta

Jikin ƙwaro yana bin zafin gari. Da asuba, musamman bayan ruwan dare ko cikin sanyin Disamba da Janairu, ana samun mazari da ƙudan farauta a maƙale jikin ciyawa ba sa iya tashi, wani lokaci raɓa ta lulluɓe su. Iska ma ba ta tashi ba tukuna. Wannan sa'a guda bayan fitowar rana ta fi sauran yini duka. Amma mai son ganin farauta dole ya jure hantsi da tsakar rana, domin lokacin ne ake kamu. A yankin Sahel kasuwar ƙwari tana ci ne daga tsakiyar damina zuwa kaka. Da rani sai lambuna da bakin rijiya da fadama.

Ƙwaro yana ganin motsi fiye da siffa. A matso a miƙe, a hankali, kada a yi gefe-gefe, kada kuma inuwa ta faɗa kansa. A sauko daidai tsayinsa, domin hoton da aka ɗauka daga sama bayan ƙwaro kawai yake nunawa. Idan yana kan reshe, a riƙe reshen da hannun hagu a jingina idon kamara a kan wannan hannun, sai su riƙa rawa tare. Lokacin hunturu a guji canza ido a fili, domin ƙurar da ta sauka a kan allo, wadda ba ta fitowa a hoton biki, a f/11 da girman 1:1 kowace ƙwaya sai ta bayyana.

Hoton gaskiya da na haɗi

Ba duk hoton ban mamaki da ke yawo a Facebook da WhatsApp ne na gaskiya ba. Akwai masu sa ƙwaro a firji ya sandare, masu manna shi da gam ko ɗaure shi da zare su goge zaren a kwamfuta, da masu jera matattu kamar suna faɗa. Alamomin sukan bayyana: ƙafafu a naɗe ƙarƙashin ciki, ido ya dushe ko ya lotsa, ƙahonni sun faɗi, ko an haɗa halittu biyu da ba sa zama wuri ɗaya. Manyan gasa suna hukunta irin wannan. A 2018 gidan tarihin halittu na Landan ya ƙwace wata kyauta ta gasar Wildlife Photographer of the Year bayan masana sun yanke cewa dabbar da ke cikin hoton busasshiya ce ta ado. Ɗaukar mataccen ƙwaro don nazari ba laifi ba ne, laifin shi ne a ce mai rai ne. Jefa fara gaban ƙoƙi-ƙoƙi don a samu hoton kamu ma, ya kamata a faɗa idan an yi.

Abin da manomi zai ƙaru da shi

A nan ne wannan sana'a ta wuce sha'awa. Manomi da yawa in ya ga ƙwaro a wake ko gyaɗa, feshi yake yi, ba ya tambayar wane ne ɓarawo wane ne mai gadi. Ƴar ƙwaron nan mai zagayayyen baya da ɗige-ɗige, coccinelle, tana iya cin darɓa hamsin a yini, kuma ɗanta, wanda ya fi ta ci, bai yi kama da ita ko kaɗan ba: dogo ne, baƙi-baƙi, mai ƙaya, kamar ɗan kada. Wanda bai taɓa ganin hotonsa ba zai ɗauka shi ne mai ɓarnar. Haka ƙunshin ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi, mai kama da busasshen kumfa a jikin kara, wanda ake ƙonawa tare da karmami. A Benin bincike ya nuna cewa jar tururuwa mai ɗinke ganye, Oecophylla longinoda, tana rage ɓarnar ƙudan mangwaro a bishiyoyin da take zaune, amma masu lambu da yawa suna kashe ta saboda cizo.

Akwai kuma ƙananan dangin zanzaro da ba sa farauta da baki, sai dai su sa ƙwai a jikin tsutsa ƴaƴansu su cinye ta. Ɗaya daga cikinsu, Habrobracon hebetor, mai tsawon ƴan milimita, shi ne masu bincike na INRAN da Jami'ar Maraɗi suka yi shekaru suna saki a gonakin Nijar don yaƙar tsutsar da ke huda zangarniyar gero. Bayyana wa manomi ƙwaron da ido da ƙyar yake gani aiki ne mai wuya. Hoto ɗaya mai kyau a allon waya yana gajarta shi, kuma malamin gona ko malamin makaranta da ke da hotunan ƙwarin yankinsa ya fi mai nuna na littattafan Turai.

Hoton yana iya zama shaidar kimiyya ma. Dandalin iNaturalist, wanda aka fara a 2008, yana karɓar hoto tare da rana da wurin da aka ɗauka, masana su taimaka da suna, bayanan da aka tabbatar kuma su shiga rumbun duniya na GBIF. Taswirarsa cike take a Turai da Amurka, amma ƙasashen Sahel kusan fari fat. Don a iya gane iri, ana son hoto daga sama, daga gefe, da na fuska, tare da wani abu da ke nuna girma.

Kiyaye kai

Réduve da ƙudan farauta suna cizo mai zafi idan aka kama su da hannu, rina da kwarkwasa kuwa ba sai an yi bayani ba. Akwai wani ɗan siririn ƙwaro mai ja da baƙi, Paederus, shi ma mafarauci ne, yana zuwa fitila da damina. Ba ya cizo, amma in aka murje shi a fata ruwan jikinsa yana ƙona ta kamar wuta. A hure shi kawai, in ya fashe a wanke wurin da sabulu nan take, kada a taɓa ido. Mai durƙuso cikin ciyawa da asuba ya sa takalmi rufaffe ya duba inda zai ɗora gwiwa, saboda kububuwa da kunama.

Haɗari na ƙarshe daga mutane yake. A yankunan iyaka da kewayen Tafkin Cadi, baƙon da aka gani kwance a ƙasa da kamara mai dogon ido yana iya jawo wa kansa tambayoyi daga jami'an tsaro ko ƴan sintiri. A nisanci barikoki, gadoji da shingayen bincike, a nemi izinin mai gona kafin a shiga, in ƙauye ne a fara gaida mai gari a faɗa masa abin da ya kawo ka. Ka bar ƴan hotunan ƙwari a kamarar da za ka iya nunawa idan an tambaya, ka kuma riƙe katin shaidarka a aljihu.